Ɗigon Miyau Cikin Iska

Duk sa'ad da mutum ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya da magana, kai, ko numfashi kawai ya ke yi, akwai ruwan da ya ke fita daga bakinsa da hancinsa ya shiga iska. Waɗansu ɗigon manya ne, ido yana ganinsu, su ne kan faɗa wa mutum a fuska in abokin zancensa ya matso kusa. Waɗansu kuwa sun yi ƙanƙantar da ba a ganinsu ko da rana tsaka. In mai tarin yana fama da mura ko ƙyanda, ƙwayoyin cutar su kan shiga ɗigon nan kamar yadda matafiyi ya ke shiga kwalekwale don ya ƙetare kogi. Amma wannan kwalekwale na ruwa ne, iska kuwa tana shanye shi tun daga lokacin da ya bar baki. Abin da ya sami matafiyin sa'ad da kwalekwalensa ya ke ƙafewa, shi zai nuna ko cutar za ta isa ga wani ko za ta mutu a hanya. Masana sun yi fiye da shekara ɗari suna gardama a kan wannan al'amari. Sun taɓa kama gaskiyarsa suka sake ta, sai da annoba ta tilasta musu suka koma gare ta. Ga yadda labarin ya ke.

Zamanin Mugunyar Iska

A zamanin da, mutanen Turai sun ɗauka cuta daga wari ta ke fitowa. A ganinsu fadama da juji da mushe suna fid da wata mugunyar iska, wanda ya shaƙe ta sai ya kwanta. Har sunan da Turawa su ke kiran zazzaɓin cizon sauro da shi, watau maleriya, daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa kuwa mugunyar iska. Wannan zato ya yi amfani ta wani gefe, gama ya sa an share birane an kuma buɗe tagogin asibitoci, amma ya kasa bayyana dalilin da ya sa cuta ta ke tashi daga wannan mutum ta kama wancan.

A cikin shekarar 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, waɗansu 'yan tsibirai can arewa da ƙasar Sikotilan, ƙarƙashin mulkin Denmak. Wani kafinta ne ya zo da ita daga birnin Kofanhegan. Rabon mutanen wurin da ƙyanda tun shekarar 1781, saboda haka ta same su babba da yaro. Yawansu duka bai kai 8,000 ba, amma wajen 6,000 suka kamu. Gwamnati ta aika da wani saurayin likita mai suna Peter Panum, ya yi ta bin ƙauyuka yana tambaya: wa ya fara kwantawa, wa ya je gaishe shi, ran yaushe? Ya tarar kwana goma sha huɗu ne tsakanin haɗuwa da majinyaci da fitowar ƙuraje, ya kuma tarar tsofaffin da suka yi cutar shekara 65 da suka wuce ba ta sake taɓa su ba. Ya tabbata ke nan wani abu ne ya ke fita daga jikin wani ya shiga jikin wani. Amma ko mene ne abin, ta ina kuma ya ke bi, ba wanda ya sani a lokacin.

Bayyanar Ƙwayoyin Cuta

A shekarar 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya nuna ƙwayar tarin fuka a ƙarƙashin madubin likita, wanda ya ke girmama ƙananan abubuwa. Irin wannan ƙwaya ita a ke kira bakteriya. A 1897 wani Bajamushen kuma, Carl Flügge, ya jera farantai masu abincin ƙwayoyin cuta a gaban mutane, ya sa su magana da tari. Da aka kwana biyu sai ga ƙwayoyi sun tsiro a farantan. A wannan shekara ce wani likitan fiɗa, abokin aikinsa a birnin Breslau, ya fara ɗaure bakinsa da ƙyalle in zai yi wa mutum aiki.

Ana cikin haka aka ci karo da wani abu da ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Akwai wata cuta da kan sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare. A 1892 wani mutumin Rasha, Ivanovsky, ya matse ruwan ganyen ya tace shi da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, amma ruwan da ya tsiyaye ya ci gaba da sa wa lafiyayyar taba cutar. A 1898 Beijerinck, mutumin Holan, ya yi irin wannan aiki, ya ce lalle wannan wani sabon jinsi ne. Shi ne a ke kira bairas. Ya kuma lura cewa ganyen da ya bushe ƙayau aka ajiye shi da daɗewa, dafinsa yana nan bai mutu ba. Mura da ƙyanda da agana da shan inna, duk bairas ne ya ke kawo su, kowace da nata iri.

Da ilmin ƙwayoyi ya yi ƙarfi, sai likitoci suka shiga jin kunyar duk wata magana da ta haɗa cuta da iska, domin tana tuna musu da zaton mutanen da. A 1910 Charles Chapin, shugaban sha'anin lafiya na birnin Providence a Amurka, ya rubuta littafi ya ce yawancin cututtuka ta taɓawa su ke yaɗuwa, da ta manyan ɗigo masu faɗuwa kusa da mai tari. Yana gudun kada a gaya wa jama'a cuta tana cikin iska su karaya, su bar kula da tsabtar hannu. Maganarsa ta karɓu, ta zauna daram cikin littattafan likitanci har fiye da shekara ɗari.

Ba a daɗe ba sai ga babbar annobar mura ta 1918, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya. Jirgin ruwa ne ya kai ta Firitawun ta ƙasar Saliyo cikin watan Agusta, ta sauka Ikko cikin Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa da koguna ta hau Arewa, inda aka sa mata suna marisuwa. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta mutum wajen dubu 500 suka rasu, alhali jama'ar ƙasar duka wajen miliyan 18 ne a lokacin. Ba a ma tabbatar bairas ne ya ke kawo wa mutum mura ba sai a 1933, sa'ad da waɗansu masana uku a Landan suka ɗebo shi daga maƙogwaron majinyata suka sa wa wata dabba mai kama da tunku, ta kamu, ta kuma sa wa 'yan'uwanta.

Lissafin Wells

Wani injiniyan tsabta ne ya dawo da iska cikin zancen, sunansa William Wells, yana aiki a jami'ar Harvard ta Amurka tare da matarsa Mildred, wadda ita likita ce. Kafin a gane lissafinsa sai an san ma'aunin. Masana suna auna irin waɗannan ƙananan abubuwa da wani ma'auni mai suna maikuron. Inci ɗaya akwai maikuron 25,400 a cikinsa, kaurin silin gashin kai ɗaya kuwa ya kan kai wajen maikuron 70.

A 1934 Wells ya nuna cewa kowane ɗigo, da ya bar baki, tsere ne a ke yi a kansa tsakanin faɗuwa da bushewa. Wanda faɗinsa ya fi maikuron 100 nauyinsa ya kan kai shi ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi tun bai bushe ba. Wanda bai kai haka ba kuwa ya kan ƙafe tun yana sama, ya bar wani ɗan ƙwallo na gishiri da majina, in kuma akwai ƙwayar cuta tana ciki. Ƙwallon nan ba shi da nauyin da zai kai shi ƙasa da wuri, sai ya yi ta yawo cikin ɗaki kamar hayaƙi, har awoyi, duk wanda ke ɗakin yana shaƙarsa. Ashe bushewa ita ce ke ba cuta fukafukai.

Wells bai tsaya ga lissafi ba. Akwai wani irin haske cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, shi kuwa yana kashe ƙwayoyin cuta. Daga 1937 ya kakkafa fitilu masu irin wannan haske a saman azuzuwan waɗansu makarantu a wajen birnin Filadalfiya, yadda za su haska iskar da ke kusa da rufi kawai, kada su cuci idanun yara. Da ƙyanda ta ɓarke a 1941, ƙananan yaran da ke azuzuwa masu fitila sun kamu kaɗan, manyan da ke azuzuwa marasa fitila kuwa sun kamu da yawa, ko da ya ke a al'ada ƙanana ta fi kamawa. Amma da waɗansu suka gwada fitilun a wasu garuruwa ba su ga amfani sosai ba, gama yaran suna cuɗanya a motar makaranta da gidaje inda babu fitila. Likitoci suka ce to, ga ta nan, zancen iska bai tabbata ba.

Ɓerayen Masar na Baltimore

Almajirin Wells, Richard Riley, shi ya ƙarasa aikin. Daga 1956, a wani asibitin tsofaffin soja a birnin Baltimore, aka keɓe ɗakuna shida na masu tarin fuka, aka ja bututu daga ɗakunan zuwa wani ɗaki a kan bene, aka zuba ɓerayen Masar 150 a ciki. Ba abin da ya haɗa majinyata da dabbobin sai iskar bututu. Cikin shekara biyu ɓeraye 71 suka kamu da tarin fuka. Masu shakka suka ce mai yiwuwa ta abinci ko ta hannun ma'aikata cutar ta bi. Sai aka sake gwajin, aka raba iskar gida biyu, rabi aka haska ta da fitilar nan kafin ta isa ga dabbobin, rabi aka bar ta yadda ta ke. A ɓangaren da ba a haska ba 63 suka kamu, a ɗaya ɓangaren ko ɗaya bai kamu ba. Gani ya kori ji. Aka yarda tarin fuka yana bin iska, amma aka ce shi kaɗai ne, daga baya aka ƙara ƙyanda da ƙarambau. Wells ya rasu a 1963.

A nan kuma aka yi wani kuskure mai tsada. Wells ya faɗi abu biyu: ɗigon da bai kai maikuron 100 ba yana iya zama cikin iska, wanda bai kai maikuron 5 ba kuwa shi ke iya kaiwa can ƙuryar huhu. Masu rubuta littattafai suka haɗa biyun, suka riƙa cewa duk abin da ya fi maikuron 5 faɗuwa ya ke yi kusa da mai tari. Haka aka yi ta koyarwa shekara da shekaru.

Shaida kuwa ba ta daina zuwa ba. A farkon 1970, a garin Meschede na Jamus, aka kwantar da wani mutum da ya dawo daga Pakistan da agana, yana tari ƙwarai. An keɓe shi a ɗaki shi kaɗai a ƙasa, duk da haka mutum 17 suka kamu a hawa uku na asibitin, ba kuwa wanda ya kusance shi a cikinsu. Da aka tayar da hayaƙi a ɗakinsa don gwaji, sai aka ga ya bi matakala da tagogi ya shiga ɗakunan da cutar ta shiga.

Siffar Bairas, Ɗanye da Busasshe

Bairas ba ya ci, ba ya sha, ba ya kuma hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar jikin mutum ko dabba ko tsiro. Gininsa ba wuya: wani siririn zare ne mai ɗauke da umurnin yadda za a ƙera irinsa, an naɗe shi cikin kwasfa. Waɗansu, kamar na shan inna, kwasfar ce kawai gare su. Waɗansu, kamar na mura da ƙyanda da korona, suna da riga ta kitse a bisa, an kakkafa mata ƙayoyi, ƙayoyin nan kuwa su ne mabuɗan da ya ke buɗe ƙwayar jiki da su. In aka jera bairas ɗin mura kai da kai, sai wajen dubu 250 sun jeru kafin su cika inci ɗaya.

An fara ganin bairas a ƙarshen shekarun 1930 a birnin Balin, da wani sabon madubi mai aiki da lantarki. Amma madubin nan sai an zuƙe iskar cikinsa ƙaf ya ke aiki, ruwa kuwa ba ya zama a inda babu iska. Saboda haka duk bairas ɗin da aka gani busasshe ne, ya motse ya shafe, kamar a ce mutum yana son sanin siffar tumatir amma kauɗa kawai a ke nuna masa. A 1941 Bernal da Fankuchen suka haska bairas ɗin taba da hasken nan na ɗaukar hoton ƙashi, suka ga sandunansa suna matsowa kusa da juna gwargwadon yadda ruwa ya ke fita. A 1951 wata Baturiyar Ingila, Rosalind Franklin, ta gano cewa shi kansa zaren gado na halittu siffa biyu gare shi: in ya sha laima ya kan miƙe ya sirance, in ya bushe ya kan taƙure ya yi kauri. Daga nan ta koma binciken bairas ɗin taba har rasuwarta a 1958. Sai a farkon shekarun 1980 Jacques Dubochet da abokan aikinsa a Jamus suka sami dabarar daskarar da ruwa farat ɗaya, yadda bairas zai tsaya a ciki da siffarsa ta ainihi. Don wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 2017, shi da waɗansu mutum biyu.

Ganga Mai Juyawa

Tun kafin a iya ganin siffar sosai, an riga an auna daɗewar bairas cikin iska. A 1961 wani masani mai suna Harper, a Porton ta Ingila, ya fesa bairas iri-iri cikin wata gangar ƙarfe mai juyawa a hankali don kada ɗigon su kwanta, yana sauya zafi da laimar iskar ciki, yana ɗiba loto-loto yana dubawa. Bairas ɗin mura ya fi jimrewa in iska ta bushe ta kuma yi sanyi, har wani kashi mai yawa ya kan kai washegari da ƙarfinsa. Na shan inna kuwa akasin haka ne, iska mai laima ya fi so. Masanan Holan sun sami irin wannan sakamako, suka kuma ga ƙyanda halinta ɗaya da mura. Daga nan aka riƙe cewa, galibi, masu rigar kitse sun fi daɗewa cikin busasshiyar iska, marasa riga kuwa cikin mai laima.

A 2007 a birnin Niyok aka sake komawa ga ɓerayen Masar. Aka sa masu mura a keji ɗaya, lafiyayyu a wani keji daura da su, iska tana bi ta kansu. Cutar ta fi ƙetarewa sa'ad da laimar iska ta ke tsakanin kashi 20 da 35 cikin ɗari, ba ta ƙetare ba sam a kashi 80. Ta kuma fi ƙetarewa a sanyin digiri 5 bisa ga digiri 20.

Bushewa ta kan kashe bairas, ta kan kuma adana shi, ya danganta ga yadda aka yi ta. Maganin lambar agana bairas ne mai rai, ɗan'uwan na agana, a da kuwa zafin ƙasashenmu ya kan lalata shi cikin 'yan kwanaki. A farkon shekarun 1950 Leslie Collier, a Ingila, ya gauraya shi da wani sinadari mai kare shi, ya daskarar da shi, sa'an nan ya zuƙe ruwan. Garin da ya rage ya kan yi watanni cikin zafi bai lalace ba. Da irin wannan magani aka yi yaƙin agana na Afirka ta Yamma daga 1967. Mai agana na ƙarshe a Nijeriya an gan shi a 1970, a 1980 kuwa aka yi shelar agana ta ƙare a duniya.

Annobar Korona

Sa'ad da korona ta game duniya a 2020, tsohuwar koyarwar Chapin aka fara ɗaukowa. Cikin watan Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ba ta bin iska, a wanke hannu, a ba da tazara. A cikin wannan wata ne mawaƙa 61 suka taru a wani zaure a jihar Washintan ta Amurka, suka yi awa biyu da rabi suna rera waƙa. Mutum ɗaya ne ya zo da cutar, amma 53 suka kwanta, biyu suka rasu. Cikin Yuli masana 239 suka sa hannu a wata takarda suna roƙon a yarda cutar tana bin iska, a kula da shigar iska cikin ɗakuna. Sai a 2021 Hukumar ta amince da haka a fili.

Annobar ta sa an duba cikin ɗigon da kyau. Ruwan hanyoyin numfashi yana da gishiri wajen kashi ɗaya cikin ɗari, da majina, da wani sinadari ɗan'uwan kanwa. Ƙaramin ɗigo ya kan ƙafe nan da nan, faɗinsa ya koma ƙasa da rabi. Ruwa ya tafi amma gishiri yana nan, saboda haka abin da ya rage ya kan yi ɗaci ninkin ba ninkin, ya riƙa tsotse ruwan jikin bairas yana ɓata rigarsa da ƙayoyinsa. In laimar iska ta sauka ƙasa da wajen kashi 45, gishirin ya kan daskare ya zama ƙwayoyi, kamar yadda ya ke yi a rijiyoyin gishiri na Bilma in rana ta shanye ruwa. Wani bairas ɗin daskarewar nan ta hallaka shi, wanda ya tsira kuwa ya huta da zama cikin ruwan ɗaci. Ita kuma majina ta kan yi kauri ta sandare kamar ƙaro a jikin itace, ta rufe bairas ta kare shi. A 2018 masana a Amurka sun ga bairas ɗin mura da ke cikin majinar hanyar numfashi ya yi awa guda cikin iska da ƙarfinsa, ko iskar busasshiya ce ko mai laima.

A 2022 masana a jami'ar Biristol ta Ingila suka rataye ɗigo masu bairas ɗin korona a sarari da ƙarfin lantarki, ba su taɓa kome ba, suna auna su daƙiƙa bayan daƙiƙa. Cikin busasshiyar iska wajen rabin bairas ɗin ya mutu cikin 'yan daƙiƙoƙin farko, cikin minti ashirin kuwa wajen kashi 90 cikin ɗari sun mutu ko da iskar mai laima ce. Sun gano dalili guda. A cikin huhu ruwan yana cike da iskar nan da mutum ya ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda a ke kira kabon dayoksaid. Da ɗigo ya fito sarari sai iskar nan ta gudu daga cikinsa, ruwan ya koma kamar ruwan kanwa mai ƙarfi, shi kuwa yana lalata bairas. A 2024 suka nuna cewa in ɗaki ya cika da numfashin jama'a, iskar nan ba ta gudu sosai daga ɗigon, bairas sai ya daɗe. Watau rufaffen ɗaki mai cunkoso yana tara cutar, yana kuma tsawaita ranta.

Shi bairas ɗin mura tsami ne maƙiyinsa. Tun 1982 aka san cewa ƙayarsa kamar tarko ta ke wanda aka ɗana, tsamin da ke cikin ƙwayar jikin mutum shi ke sa ta ɓalle ta buɗe masa hanya. Sau ɗaya ta ke ɓallewa, ba ta komawa. In ɗigo ya sha tsami daga iska tun yana hanya, tarkon ya kan ɓalle a banza, bairas ya isa hanci ba shi da mabuɗi.

Rani da Ƙyanda

Kada mai karatu ya ɗauka laimar iska ita kaɗai ce ke juya al'amarin. A ƙasashen sanyi mura da hunturu ta ke zuwa, amma a ƙasashen zafi da yawa da damina ta fi yawa. Ƙyanda kuwa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta cutar rani ce. Masanan da suka bi lissafin asibitocin Yamai sun ga ta kan tashi bayan an gama kaka, ta yi ƙamari cikin rani, ta lafa da saukar ruwa. Sun kuma ga tashinta yana tafiya tare da shigowar 'yan cin rani birni, lafawarta kuwa tare da komawarsu gona. Busasshiyar iska da cunkoson jama'a lokaci guda su ke zuwa, ga kuma sanyin hunturu da kan sa a toshe taga da tsumma, a saki labule, a kwana goma cikin ɗaki ɗaya. Bairas ɗin ƙyanda yana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan majinyaci ya fita.

Saboda haka abin da shekara ɗari na bincike suka haifar abu ne da kowane maigida ya ke iya aikatawa. Ɗakin kwana ya sami taga biyu masu duban juna, a bar su a buɗe ko da kaɗan ne. In za a gai da mai tari ko mai ƙyanda, a zauna da shi a inuwar tsakar gida, kada a cika ɗakinsa da 'yan gaisuwa, kada kuma a shiga da jarirai. Mai tari ya rufe bakinsa da ƙyalle, gama ɗigon da aka tare a baki tun yana babba ba zai bushe ya tashi ba. Malamin makaranta da direban mota su tuna da taga in yara ko fasinja sun cika. Allurar rigakafin ƙyanda kuwa tana nan tun 1963, yaron da aka yi wa ita sau biyu da wuya cutar ta kama shi, kome daɗewarta cikin iska. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido, ɗigon miyau kuwa ya fi haki ƙanƙanta.